Muriel Tramis: Injiniyar da Ta Shigar da Tarihin Bauta Cikin Wasan Kwamfuta

A shekarar 1987 an yi abubuwa biyu masu manufa ɗaya, ko da yake masu yin su ba a ƙasa ɗaya suke ba. A birnin Wagadugu, fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda aka ɗauko daga littafin marubucin Nijar Abdoulaye Mamani, ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO, har labarin turjiyar da mutanen Lugu suka yi wa ayarin Voulet da Chanoine a 1899 ya kai kunnen duniya. A Faransa kuma, wata injiniya baƙar fata mai suna Muriel Tramis ta fitar da wasan kwamfuta mai suna Méwilo, wanda ya tono labarin bayin da aka yi wa kisan gilla a tsibirinsu na Martinik. Fim ɗin ya yi amo a Afirka ta Yamma, wasan kuwa bai yi ba, domin a wancan zamani kwamfuta ba ta wuce wasu ƴan ofisoshi na manyan birane ba. A yau da wasa ya shiga aljihun yara ta hanyar wayar hannu, tarihin wannan baiwar Allah ya cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su san shi, saboda ya nuna tun da wuri cewa wasan kwamfuta na iya ɗaukar tarihin al'umma mai nauyi, kuma ya ba da shi ta bakin waɗanda abin ya faɗa wa.

Tsibirin rake

An haifi Muriel Tramis a 1958 a Fort-de-France, babban birnin Martinik, wani tsibiri da ke tekun Karibiyan. Faransawa sun kafa mulkinsu a tsibirin a 1635, kuma ba a jima ba suka mayar da shi gandun rake. Noman rake da tatsar sukari aiki ne mai cin mutane, saboda haka aka riƙa jigilar bayi daga gaɓar Afirka ana zubawa a gandayen. A 1685 Sarki Louis na 14 ya kafa dokar da ake kira Code Noir, wadda ta lissafa bawa cikin kayan da ake saye, a sayar, a gada. A ranar 27 ga Afrilu 1848 gwamnatin Paris, bisa fafutikar Victor Schœlcher, ta sa hannu a kan dokar soke bauta. Amma kafin takardar ta ƙetare teku, bayin Martinik sun riga sun yi bore a ranar 22 ga Mayu, bayan da aka tsare wani bawa mai suna Romain saboda ya kaɗa ganga, kuma washegari gwamnan tsibirin ya shelanta ƴanci ala tilas. A 1946 Martinik ta zama ɗaya daga cikin jihohin Faransa, bisa dokar da marubuci Aimé Césaire ya gabatar a majalisa.

Wannan shi ne gidan da Tramis ta tashi a ciki: ƙasa ce da harshen lakwal da na gwamnati Faransanci ne, harshen kasuwa da na tatsuniya kuwa Kiriyol, wanda ya samo asali daga cakuɗuwar Faransanci da harsunan bayi. Yaran tsibirin suna koyon tarihin sarakunan Faransa a aji, labarin kakanninsu kuma sai abin da suka tsinta a bakin tsofaffi. Duk malamin da ya yi karatu a lakwal ta zamanin mulkin mallaka a Doso ko Maraɗi ya san irin wannan rabuwa tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ake faɗi a zaure.

Daga jiragen soja zuwa wasa

Bayan ta gama sakandare, Tramis ta tafi Paris, inda ta yi karatun injiniya a babbar makarantar fasahar lantarki da ake kira ISEP. Daga nan ta kama aiki a Aérospatiale, kamfanin ƙera jiragen sama da makamai masu linzami na ƙasar Faransa, ta shekara biyar tana aikin kwamfuta a sashen jirage marasa matuƙi. Aiki ne mai albashi da daraja, a fagen da mata ba su da yawa, balle baƙar mace daga tsibiri. Duk da haka a 1986 ta bar shi ta koma wani ƙaramin kamfani da ke gefen Paris mai suna Coktel Vision, wanda Roland Oskian ya kafa, mai yin wasanni da manhajojin koyarwa.

Lokacin ya dace da ita. A 1985 gwamnatin Laurent Fabius ta ƙaddamar da shirin Informatique pour tous, wato kwamfuta ga kowa, wanda ya cika makarantun Faransa da na'urorin kamfanin Thomson. A gidaje kuma ana sayen ƙananan kwamfutoci irin su Amstrad, da Atari ST, da Amiga. Na'urorin nan ba su da ƙarfi: launukan da suke iya nunawa kaɗan ne, kuma wasa baki ɗaya yakan shiga cikin faifai ɗaya ko biyu, wanda abin da yake ɗauka bai kai hoto guda na wayar yau ba. Sai dai wannan ƙarancin ya zo da wata dama. Mutum uku ko huɗu sun isa su yi wasa cikin ƴan watanni, kuɗin da ake zubawa ba shi da yawa, saboda haka mai kamfani yana iya barin sabuwar ma'aikaciya ta gwada abin da ke ranta. Da aka ba Tramis wannan dama, sai ta waiwayi gida.

Tulun zinariya da fatalwar bawa

Méwilo wasa ne na bincike. Mai wasa yana shiga rigar wani masanin al'amuran ɓoye da aka gayyato zuwa garin Saint-Pierre a ranar 7 ga Mayu 1902, domin ya gano dalilin da ya sa fatalwa ta addabi wani gida. Zaɓen wannan rana ba banza ba ne. Washegari, 8 ga Mayu, dutsen Pelée mai aman wuta ya fashe, ya shafe garin cikin ƴan mintoci, mutane kimanin 28,000 suka hallaka. Duk ɗan Martinik ya san haka, don haka mai wasa yana yawo cikin garin da ya san kwanansa ya ƙare, yana tambayar mutanen da ba za su ga jibi ba. A kan allon kwamfutar, wani ɗan tsuntsu mai shan zumar fure, wanda ake kira kolibri, shi ne yake kai shi daga wuri zuwa wuri.

Zaren binciken yana komawa ne ga boren da bayi suka yi a yankin a 1831, da kuma wata tatsuniya da ta shahara a tsibirin. Ana cewa idan mai gandu ya ji tsoron bore, yakan zuba zinariyarsa cikin tulu, ya sa amintaccen bawansa ya haƙa rami, sa'an nan ya kashe bawan ya binne shi tare da tulun, domin kurwarsa ta yi gadin dukiyar. Tatsuniya ce, amma ta tattara ma'anar bauta cikin hoto guda: mutumin da aka mallake shi yana raye, kuma aka hana shi hutawa bayan mutuwa. Ba a cin wasan sai an saurari mutanen gari iri-iri, zuriyar masu gandu da zuriyar bayi, an fahimci abincinsu da camfe-camfensu da maganganunsu, sa'an nan a haɗa gutsattsarin labarin.

Tramis ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. Ta nemi ɗan garinsu Patrick Chamoiseau ya rubuta zantukan da ke cikin wasan, Philippe Truca kuma ya yi zane. A lokacin Chamoiseau bai daɗe da fitar da littafinsa Chronique des sept misères ba, a 1986, wanda shi ma ya ƙunshi wannan tatsuniya ta tulun zinariya. Shi ne daga baya ya ci kyautar Goncourt, mafi girman kyautar adabi a Faransa, da littafinsa Texaco a 1992. Ashe tun kafin manyan masana adabi su san da shi, yara masu wasa da Amstrad sun riga sun karanta rubutunsa.

Bawa a matsayin gwarzo

A 1988 mutanen nan suka sake haɗuwa suka fitar da Freedom, wanda ƙaramin sunansa da Faransanci ke nufin mayaƙan cikin duhu. A nan babu wani baƙo mai bincike da zai tsaya tsakanin mai wasa da tarihi. Mai wasa shi ne bawan, a wani gandun rake na ƙarni na 18, kuma burinsa ya tayar da bore ya kuɓuta. Cikin dare zai bi bukkoki yana shawo kan ƴan'uwansa bayi, wasu su yarda wasu su ƙi. Zai kauce wa karnukan da aka horar don farautar gudaddu. Zai fuskanci sarkin gandu da sauran masu tsaron dukiyar ubangida. In ya yi gaggawa a kama shi, in ya kasa tara jama'a boren ya mutu tun bai tashi ba.

A nan ne bambancin wasa da sauran hanyoyin ba da labari yake fitowa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma fim ya riga ya ba da gani. Abin da wasa ya ƙara shi ne zaɓi. Mai karanta littafi ko mai kallon fim yana bin gwarzo ne a baya, ya ga inda ya dosa. Mai wasa kuwa shi ne zai yanke shawarar wanda zai amince wa da asirinsa, da lokacin da zai motsa, kuma shi ne zai ɗanɗani sakamakon kuskurensa. Ɗalibin da ya sha faɗuwa a irin wannan wasa yakan fahimci abin da ke da wuyar bayani a kan allo: dalilin da ya sa yawancin boren bayi bai yi nasara ba, da irin ƙarfin halin waɗanda suka yi shi duk da haka.

Ya kamata a auna wannan aiki da ma'aunin zamaninsa. A 1988 bauta ba ta cikin abubuwan da Faransa ke son tunawa a bainar jama'a. Sai a 23 ga Mayu 1998 dubban zuriyar bayi suka yi jerin gwano a Paris, sai a 2001 majalisa ta amince da dokar Christiane Taubira wadda ta ayyana cinikin bayi da bauta a matsayin laifi ga bil'adama, sai kuma a 2006 aka fara bikin tunawa na ranar 10 ga Mayu. A fagen wasanni ma, shekara 25 aka yi kafin wani babban kamfani, Ubisoft, ya fitar da Freedom Cry a 2013, inda tsohon bawa mai suna Adéwalé yake ƴanta bayi a Saint-Domingue, ƙasar da ta zama Haiti. Wannan ne ya sa masu nazarin tarihin wasanni suke lissafa Freedom cikin na farko-farko da suka ɗora bawa a matsayin gwarzo, kuma suke ambaton Tramis a matsayin baƙar mace ta farko da ta yi suna a wannan sana'a.

Raha, kasuwa da aji

Ba a kan tarihi kaɗai ta tsaya ba, domin kamfani sai da ciniki. Tsakanin 1989 da 1991 ta yi wasanni uku na manya masu jigon soyayya da sha'awa, Emmanuelle da Geisha da Fascination, waɗanda ba na yara ba ne kuma ba na aji ba. A na ƙarshen, tauraruwar mace ce matuƙiyar jirgin sama mai suna Doralice, a zamanin da mace a cikin wasa yawanci ita ce wadda ake zuwa ceto. Doralice ta sake fitowa a Lost in Time a 1993, inda ta tsinci kanta a shekarar 1840 cikin jirgin ruwa mai ɗauke da bawa, wato Tramis ta sake komawa ga jigonta na farko ta wata ƙofa.

Abin da ya fi kawo wa kamfanin suna a ƙasashen waje shi ne Gobliiins, wasan raha da wasa ƙwaƙwalwa da ta yi tare da mai zane Pierre Gilhodes a 1991, wanda aka yi wa ci gaba a 1992 da 1993. A cikinsa mai wasa yana sarrafa wasu ƴan dodanni uku, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai sihiri, ɗaya mai ɗaukar kaya, kuma babu matsalar da ke warwaruwa sai an haɗa gwanintarsu. A farkon shekarun 1990 ne kamfanin Sierra na Amurka ya sayi Coktel Vision.

Malamai kuwa za su fi sha'awar ɗaya ɓangaren aikinta. Tramis tana cikin waɗanda suka gina jerin manhajojin Adi da Adibou, waɗanda suka shiga gidaje masu yawa a Faransa cikin shekarun 1990. Adi wani ɗan halitta ne daga wata duniya, mai raka ɗalibi cikin darussan lissafi da Faransanci bisa tsarin karatun lakwal, aji bayan aji. Adibou kuma na ƙanana ne ƴan shekara 4 zuwa 7. Dabarar mai sauƙi ce. Yaro yana samun amsa nan take, kuskurensa ba ya jawo bulala ko dariyar ƴan aji, yana iya maimaitawa sau goma ba wanda ya gaji da shi, kuma idan ya yi ƙoƙari a buɗe masa wani wasa a matsayin tukuici. Iyaye mata da ke koya wa yara ƙidaya ta hanyar waƙa da ƴar carafke sun daɗe da sanin wannan hikima. Abin da Coktel ya yi shi ne zuba ta cikin na'ura.

Tramis ta bar kamfanin a 2003, bayan shekara 17, ta kafa nata mai suna Avantilles, mai aikin zane mai siffa uku a kwamfuta. A 2018 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur, shekara 30 bayan fitar Freedom. Na'urorin da aka yi wasanninta dominsu sun daɗe da mutuwa, kuma da yawa daga cikin ayyukan suna raye ne a yau saboda masu sa kai da suka rubuta manhajoji irin su ScummVM, masu ba sabuwar kwamfuta damar karanta tsohon faifai.

Abin da ke jibge a ƙasar Dandi

Tekun da ya raba Martinik da Afirka bai raba tarihinsu ba, kuma ƙasar Gaya tana da nata kaso a ciki. Ta nan ne ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta bi: daga Kano da Sakkwato zuwa Jega, a ƙetare Kwara a wajen Gaya ko Illo, a ratsa Borgu zuwa Jugu, har Salaga a ƙasar Gwanja. A garin Jugu, wanda ke arewacin Benin a yau, aka haifi Mahommah Gardo Baquaqua, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi an sayar, aka kai shi Brazil wajen 1845, ya gudu daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, ya zauna a Haiti, kuma a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. A Bahia ta Brazil, bayi Hausawa ne suka shirya bore a 1807, wasu kuma suka biyo baya. Kusa da Yelu akwai kwarin Foga, inda Heinrich Barth ya ga ana dafa gishiri lokacin da ya ratsa a 1853. A arewa kuma ga Lugu da labarin Sarauniya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da wasa ke bukata: hanya, haɗari, da shawarar da mutum zai yanke.

Wasu ƴan Afirka sun riga sun kama wannan hanya. Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa kamfanin Leti a 2009, Hugo Obi ya kafa Maliyo a Legas a 2012, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o sun fitar da Aurion a Kamaru a 2016, a Yamai ma an yi wasa mai suna Les Héros du Sahel. Wayar da ke hannun ɗan sakandare a Gaya ta fi kwamfutar da aka yi Méwilo da ita ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka na'ura ba ita ce babbar matsala ba.

Abin da tarihin Tramis ya nuna shi ne yadda ake haɗa hannu. Ita ta san na'ura, Chamoiseau ya san harshe, Truca ya san zane, kuma dukansu sun dogara ga abin da tsofaffin tsibiri suka adana a ka. Matashin da ya iya rubuta manhaja ba lalle ne ya san sunayen zangon fatake ba, ko yadda ake tace ƙasar gishiri a dafa ta, ko kirarin da ake yi wa madugu. Waɗannan suna wurin malaman tarihi, da makaɗa, da dattawan gari, kuma ƙungiyoyin al'adu ne suka fi kowa sanin ƙofar gidajensu. Duk dattijon da ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, ya tafi da wani yanki na labarin.

Akwai kuma wani nauyi da ba a kauce masa. A Martinik zuriyar masu gandu da zuriyar bayi suna zaune a tsibiri ɗaya, kuma Méwilo ya sa mai wasa ya saurari kowane ɓangare. A Sahel ma haka abin yake, har ya fi kusa: sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum laifin da ake ɗauri a kansa, kuma a watan Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta. Wanda zai sa wannan tarihi cikin wasa dole ya yi bincike mai zurfi, ya guji tona asalin gidajen da ke raye, ya kuma ba bawa suna da murya da wayo kamar yadda Tramis ta ba nata. Aikin yana iya farawa da abu ƙarami: malami ɗaya da ɗalibansa, da na'urar ɗaukar magana, da taswirar hanyar da ta tashi daga Jega ta sauka Jugu, a bi ta zango bayan zango ana tambayar abin da matafiyi zai ci, da wanda zai biya wa fito, da inda zai kwana.